Idan Jini Ya Durƙushe: Magungunan da Ake Komawa Gare Su In Babban Magani Ya Gaza

Ran 3 ga watan Yuni na shekarar 2016 Allah ya yi wa shahararren ɗan damben nan na duniya, Muhammad Ali, rasuwa a wani asibiti da ke jihar Arizona ta ƙasar Amurka, yana da shekara 74. Mutane da yawa sun ɗauka cutar karkarwar da ya daɗe yana fama da ita ce ta yi ajalinsa, amma bayanin da iyalansa suka bayar ya nuna ba haka ba ne. An kwantar da shi ne saboda ciwon numfashi, cikin 'yan kwanaki kuwa abin ya rikiɗe, dafin ƙwayoyin cuta ya game jiki, jini ya durƙushe. Irin wannan ce ta ɗauke Fafaroma John Paul na Biyu a watan Afrilu na 2005, shi kuwa daga ciwon hanyar fitsari abin ya faro. Mutanen nan biyu ba su rasa kuɗi ba, ba su kuma rasa ƙwararrun likitoci ba.

Wannan hali da likitoci ke kira safsis yana samuwa ne idan ƙwayoyin cuta suka kama wani sashe na jiki, ko huhu, ko hanji kamar yadda yakan faru idan taifot ya huda shi, ko mahaifar mai jego, ko wani miki da aka yi sakaci da shi. Sai dakarun jiki su tashi yaƙi, amma su wuce gona da iri har su afka wa gidan da suke tsaro. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a farkon 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 suka shiga wannan hali, miliyan 11 daga ciki suka mutu. Watau kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace biyar da aka yi a duniya a shekarar nan, kuma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Mafi munin matakin safsis shi ne durƙushewar jini. Mai karatu da ya taɓa ganin ban ruwa a lambu zai gane abin nan da nan. Zuciya ita ce inji, jijiyoyin jini kuwa su ne mesa. Idan mesa ta matse, ruwa ya fita da ƙarfi ya kai ƙarshen lambu. Idan ta saki ta buɗe, ga kuma huda nan da can, to ko inji na ta ruri ruwa ba zai kai kwamin ƙarshe ba. Jijiyoyin jini suna da tsoka a jikin bangonsu wadda ke matse su gwargwadon bukata, dafin cuta kuwa yakan sa tsokar nan ta saki, ruwan jini ya riƙa tsiyaya yana shiga nama. Daga nan sai ƙoda ta daina yin fitsari, hankali ya gushe, hanta da hanji su fara lalacewa. Bisa ma'anar da ƙwararru suka tsayar a 2016, ana cewa jini ya durƙushe idan an yi wa majiyyaci ƙarin ruwa isasshe amma matsakaicin ƙarfin jininsa ya kasa tsayawa a kan 65 sai da magani, kuma wani sinadari mai tsami da ake kira laktet ya taru a jininsa. Matsakaicin nan ana fitar da shi ne daga tsakanin lambar sama da ta ƙasa da ma'aikacin jinya kan faɗa bayan awo. Fiye da mutum 40 cikin 100 da suka kai wannan mataki ba su fita daga asibiti da rai.

Babban magani da iyakarsa

Abin da ke warkar da safsis shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba da shi da wuri, da kuma kawar da tushen ciwon, ko a farke maruru, ko a ɗinke hanji, ko a wanke mahaifa. Magungunan ɗaga jini aikinsu su riƙe majiyyaci da rai kafin wancan ya gama nasa aikin. Babbansu shi ne noradirenalin, sinadarin da jiki da kansa yake amfani da shi wajen matse jijiyoyi, wanda masanin nan na ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, ya gano aikinsa a 1946.

Bai hau wannan kujera cikin sauƙi ba. Shekaru da dama dofamin ne abin so a ɗakunan gobe da nisa na duniya, domin an yi imani yana kare ƙoda, noradirenalin kuwa ana tsoronsa, ba a ɗauko shi sai rai ya kai wuya. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya da maƙwabtanta, aka buga a shekarar 2000, ya rushe maganar kare ƙodar. Sa'an nan a 2010 Farfesa Daniel De Backer na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa suka kwatanta magungunan biyu a kan majiyyata 1,679. Bugun zuciya ya rikice wa kashi 24 cikin ɗari na waɗanda aka bai wa dofamin, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12 ne. Tun daga nan tauraron dofamin ya dushe.

To, in noradirenalin ya ci gasa, me ya sa ake neman wani? Na farko dai akwai majiyyatan da jijiyoyinsu kan kurmance, a yi ta ƙara magani amma jini ya ƙi motsi. Ƙarin kuwa ba kyauta ba ne. Maganin yana zaburar da zuciya kamar yadda bulala ke zaburar da doki, kuma dokin da ya riga ya jigata bulala ba ta ƙara masa kome sai kusantar faɗuwa. Idan ya yi yawa yakan rikita bugun zuciya, ya matse ƙananan jijiyoyi har yatsu su yi baƙi su mutu, hanji ma ya rasa jini.

Dalili na biyu ya fi wannan saukin ganewa, shi ne magani yakan ƙare. A shekarar 2011 aka yi ƙarancin noradirenalin a Amurka kanta. Daga baya masu bincike suka bi bayanan majiyyata 27,835 a asibitoci 26, suka buga sakamakon a 2017. A watannin ƙarancin likitoci sun fi komawa ga wani magani mai suna fenilefirin, kuma mace-mace sun tashi daga kashi 35.9 zuwa kashi 39.6 cikin ɗari. Bambancin ya yi kama da ƙarami a takarda, amma a cikin kowane majiyyaci 27 an yi asarar rai guda da a da zai tsira. Wannan ya nuna ba kowane maganin da ke ɗaga jini ne zai iya maye gurbin ɗan'uwansa ba.

Lamba ta hau, mutane sun mutu

Akwai wani labari da ya kamata a riƙe kafin a shiga jerin magungunan, domin shi ne ma'aunin da za a auna su duka. A shekarun 1980 masana suka gano cewa bangon jijiyoyi yana fitar da wata iska, naitirik okisaid, wadda ita ce ke umartar tsokar jijiya ta saki. Masana uku na Amurka, Furchgott da Ignarro da Murad, sun sami lambar Nobel a 1998 saboda wannan. Ba a daɗe ba aka gane cewa a lokacin safsis jiki yana kwararo iskar nan fiye da kima. Sai aka ce ai an kama ɓarawo. Aka haɗa wani magani da ke toshe masana'antar iskar gaba ɗaya, aka gwada shi a ƙasashe 26. Jini kuwa ya hau, an rage noradirenalin, allon da ke gefen gado ya nuna lambobi masu faranta rai. Amma da aka kai majiyyaci na 797 sai aka tsayar da gwajin, domin kashi 59 cikin ɗari na waɗanda suka sami maganin sun mutu cikin kwana 28, waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 49. Rahoton ya fito a 2004.

Abin da ya faru shi ne iskar nan tana da wasu ayyuka masu amfani. Ita ke buɗe ƙananan hanyoyin jini a huhu da sauran gaɓoɓi, da aka toshe ta duka sai zuciya ta koma tura jini cikin mesar da aka ƙulle. An yi gudun gara an faɗa zago. Saboda haka duk maganin da za a ambata nan gaba tambaya biyu ake yi masa: shin yana ɗaga lamba, kuma shin mutane suna komawa gida? Kusan dukansu sun ci tambayar farko. Ta biyun ce mai wuya.

Basofiresin

Wanda ya fi samun karɓuwa shi ne basofiresin, sinadarin da wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa ke saki idan jiki ya ji ƙishirwa ko ya zubar da jini. Yana hana ƙoda zubar da ruwa, yana kuma matse jijiyoyi ta wata ƙofa dabam da wadda noradirenalin ke bi, ba ya kuwa zaburar da zuciya. A 1997 Dokta Donald Landry na Jami'ar Columbia da ke birnin Niyu Yok ya auna jinin masu durƙushewar jini ta safsis, ya tarar basofiresin ɗinsu kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na abin da ke jinin waɗanda jininsu ya faɗi saboda ciwon zuciya. Rumbu ya ƙare ke nan. Da ya ɗiga musu ɗan kaɗan sai jini ya tashi.

Babban gwajin ya zo a 2008 ƙarƙashin Dokta James Russell na Kanada, a kan majiyyata 778. Waɗanda aka ƙara wa basofiresin kashi 35.4 suka mutu, na noradirenalin zalla kuwa kashi 39.3, bambancin da masu lissafi suka ce bai isa a rantse a kansa ba. Abin mamaki, waɗanda suka fi nuna alamar amfana su ne waɗanda ciwonsu bai yi tsanani sosai ba, alhali kowa ya zaci a wurin masu tsananin ne zai yi rana. A 2016 Farfesa Anthony Gordon na Landan ya sake gwada shi a kan mutum 409. Nan ma yawan masu tsira bai sauya ba, sai dai waɗanda suka kai ga wankin ƙoda sun ragu daga kashi 35 zuwa kashi 25. A ƙasar da wankin ƙoda ke karya gida wannan ba abin rainawa ba ne. Ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararrun duniya masu yaƙi da safsis ta fitar a 2021 sun ba da shawarar a ƙara basofiresin idan noradirenalin ya fara yawa, maimakon a ci gaba da ƙara shi ba iyaka.

'Yan'uwansa ba su yi sa'a ba. Telifiresin, da aka gwada a ƙasar Sin a kan mutum fiye da 500, ya fi kashe yatsu, aka ce a guje shi. Selifiresin kuma an tsayar da gwajinsa ne, rahoton ya fito a 2019, da aka ga babu alamar zai haifar da ɗa mai ido. Shi kansa basofiresin ya gamu da wata matsala wadda ba ta likitanci ba ce. Tsohon magani ne mai araha, amma bayan da hukumar magunguna ta Amurka ta bai wa kamfani guda izinin sayar da shi a 2014, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, ya ninka sau da yawa, bai sauko ba sai da wasu kamfanoni suka shigo kasuwa a 2022.

Ƙofa ta uku

Jiki yana da hanya ta uku ta ɗaga jini, wadda ke farawa daga ƙoda ta ƙare da wani sinadari mai suna anjiyotensin. Masu hawan jini da yawa suna shan magungunan da ke toshe wannan hanya ne kullum ba tare da sun sani ba. An gano shi wajen 1939 a wuri biyu lokaci guda, a Ajantina da Amurka, kowane ɓangare ya raɗa masa suna nasa, sai a 1958 suka haɗa sunayen biyu suka yi ɗaya. An yi amfani da shi a shekarun 1960, sa'an nan ya ɓace daga kasuwa.

A 2017 ya dawo. Dokta Ashish Khanna da abokan aikinsa suka gwada shi a kan majiyyata 321 waɗanda noradirenalin mai yawa ya kasa tsayar da jininsu. Cikin awa uku jini ya tashi ga kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka same shi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 23 kawai. A watan Disamba na shekarar nan Amurka ta ba da izinin sayar da shi da sunan Giapreza. Amma a lura, an tsara gwajin ne don amsa tambayar farko. Mace-mace sun kasance kashi 46 da kashi 54, kuma yawan majiyyatan bai isa a ce bambancin gaskiya ne ko dace ba. Daɗin daɗawa, daskarewar jini a jijiya ta fi yawa ga masu maganin, kashi 13 a kan kashi 5. Ga kuma tsada. Asibitocin da ke da shi sukan ajiye shi ne don ranar da sauran suka gaza.

Da tsohuwar zuma

Haidirokotizon ba ya matse jijiya da kansa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wa jijiyoyin da suka kurmance kunne su sake jin kiran noradirenalin, ya kuma sassauta fushin dakarun jiki. Babu wani magani a wannan fage da aka ɗauka aka yar, aka sake ɗauka, kamar shi da danginsa. A 1976 wani likitan fiɗa na Amurka, William Schumer, ya ba da rahoton cewa allura mai yawan gaske ta rage mutuwa daga kashi 38 zuwa kashi 10. Duniya ta bi. A 1987 manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna babu amfani, har da alamar cutarwa. Duniya ta bari. A 2002 Farfesa Djillali Annane na Faransa ya dawo da maganar, amma da awo kaɗan na kwana bakwai, ya kuma ga amfani. A 2008 wani gwajin Turai mai mutum 499 bai ga ƙarin masu tsira ba.

Sai a 2018 aka yi abin da ya yi kama da raba gardama, ko da yake bai raba ta duka ba. Gwaje-gwaje biyu suka fito a shekarar. Na farko, wanda aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan da Ingila da Denmak da Saudiyya, ya ɗauki mutum 3,800, mace-mace kuwa suka zo kusan daidai, kashi 27.9 da kashi 28.8. Na biyu, na Annane, ya ɗauki mutum 1,241 waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, ya kuma haɗa da wani ɗan'uwan maganin da ake kira fuludirokotizon, nan sai mutuwa ta sauka daga kashi 49 zuwa kashi 43. Abin da duka biyun suka yarda a kansa shi ne jini yana saurin tsayawa da ƙafafunsa, a gwajin farko kwana uku maimakon huɗu. Shi ya sa ƙa'idojin 2021 suka yarda a ba da miligiram 200 a yini ga wanda ya ɗauki awoyi yana bukatar noradirenalin mai yawa. Yana ɗaga sukarin jini, yana kuma iya raunana tsoka. Amma idan aka ɗora shaida da araha da sauƙin samu a kan sikeli guda, babu wanda ya kamo shi cikin magungunan nan duka, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Bitamin C kuwa labarin Schumer ya maimaita. A 2017 wani likita a jihar Bajiniya ta Amurka ya kwatanta majiyyata 47 da ya bai wa haɗin bitamin C da bitamin B1 da haidirokotizon da wasu 47 da aka yi jinya kafin su, ya ce mutuwa ta sauko daga kashi 40 zuwa kashi 8.5. Kafofin labarai suka ɗauka. Da aka yi gwaji na ƙa'ida, wanda ƙuri'a ke zaɓar wanda zai sami magani, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Mafi girmansu, na 2022 mai mutum 872, ya nuna ma waɗanda aka yi wa allurar bitamin ɗin sun fi mutuwa ko zama da gaɓoɓi a lalace, kashi 44.5 a kan kashi 38.5. Haka kuma dabarar rage gudun zuciya, wadda wani gwaji a birnin Rum ya sa aka yi mata fata a 2013, an tsayar da gwajinta a Ingila, rahoton ya fito a 2023, saboda tsoron tana cutarwa.

Shuni a cikin jijiya

Wanda hankali ya fi karkata gare shi a 'yan shekarun nan asalinsa ba magani ba ne, shunin rini ne. Wani masanin harhaɗa sinadarai na Jamus, Heinrich Caro, ya haɗa shuɗin metilin a 1876 domin masaƙun tufafi. A 1891 Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka warkar da masu zazzaɓin cizon sauro biyu da shi a birnin Balin, shi ya sa ake lasafta shi cikin magungunan farko da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa ba daga itace ko saiwa ba. Har yanzu shi ne makarin wata irin guba da ke hana jini ɗaukar iska.

Alaƙarsa da safsis ta wajen iskar naitirik okisaid ɗin nan ce. Yana tare saƙon da iskar ke kai wa tsokar jijiya, sai jijiya ta sake matsewa. An daɗe ana gwada shi jefi-jefi a kan waɗanda aka riga aka fid da rai da su, abin da ba ya nuna wa kowa kome. A 2023 Dokta Miguel Ibarra-Estrada na birnin Gwadalahara a ƙasar Meziko ya buga gwajin da ya ba da shi da wuri, cikin yinin farko, miligiram 100 a cikin ƙarin ruwa sau ɗaya a yini har kwana uku, ga majiyyata 91 da aka raba biyu. Waɗanda suka sami shunin sun rabu da magungunan ɗaga jini cikin awa 69, sauran kuwa awa 94, kuma sun riga su barin ɗakin gobe da nisa da kwana ɗaya da rabi. Ga asibitin da ke da gado biyar ko shida na irin wannan jinya, kwana ɗaya da rabi na nufin an sami gurbin wani da ke jira a bakin ƙofa.

Duk da haka mutum 91 ba su isa su amsa tambaya ta biyu ba, kuma kada a manta maganin da ya kashe mutane a rahoton 2004 hanyar iskar nan ya tare shi ma. Masu goyon bayan shunin suna cewa shi ba ya toshe ta ɗungurungum, wannan kuwa sai babban gwaji ya tabbatar. Fitsarin majiyyaci yakan koma shuɗi ko kore, wannan ba kome. Na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini takan ruɗe ta ba da lambar ƙarya. Idan majiyyaci yana shan wasu magungunan ciwon damuwa haɗuwarsu da shunin na iya jawo zazzaɓi da fisge-fisge, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2011.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi Nijeriya kai tsaye. Wasu mutane ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake kira G6PD. Gado ne, ya fi bayyana ga maza, kuma ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, har a wasu sassan Afirka ta Yamma ana samun kimanin namiji ɗaya cikin biyar da shi. Galibinsu ba su san suna da shi ba. Shuɗin metilin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin irin waɗannan mutane, ga majiyyacin da dama jininsa bai isa ba kuwa wannan ƙarin masifa ce. Saboda haka arahar shunin ba ta isa hujjar a ɗauko sakamakon Meziko a shimfiɗa shi a Legas ko Kano ba tare da awon G6PD ba.

Abin da ya yi can ba lalle ya yi nan ba

Wannan darasi Afirka ta riga ta koya wa duniya shi, da tsada kuwa. A 2011 Farfesa Kathryn Maitland ta buga gwajin da aka yi a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Ƙa'idar Turai da Amurka ita ce a kwarara wa irin waɗannan yara ruwa da sauri. Da aka gwada, kashi 10.5 na waɗanda aka yi wa haka suka mutu cikin kwana biyu, waɗanda aka yi wa a hankali kuwa kashi 7.3. A 2017 aka ga irin haka ga manya a babban asibitin koyarwa na Lusaka a Zambiya: majiyyata 209, galibinsu masu ɗauke da ƙanjamau, tsarin ruwa mai yawa tare da dofamin da ƙarin jini ya ƙare da mutuwar kashi 48, jinyar da aka saba kuwa kashi 33. Inda babu na'urar taimakon numfashi, ruwan da ya tsiyaya ya cika huhu babu mai fid da majiyyaci daga cikinsa.

To, likitan da ba shi da noradirenalin fa? Ƙa'idojin 2021 sun ce yana iya amfani da adirenalin ko dofamin, tare da sa ido a kan bugun zuciya. Shaida ta fi karkata ga adirenalin, wanda kusan kowane ɗakin fiɗa yake da shi. A Faransa a 2007 an kwatanta shi da noradirenalin haɗe da dobutamin a kan mutum 330, ba a ga bambanci mai ƙarfi a yawan masu tsira ba, ko da yake yana ƙara gudun zuciya, yana kuma ɗaga laktet ya rikita wa likita lissafi. A birnin Sawo Fawulo na Birazil kuwa, cikin yara 120 da aka gwada a kansu, rahoton 2015 ya nuna kashi 7 na masu adirenalin suka mutu, na dofamin kuwa fiye da kashi 20. Har wa yau ƙa'idojin sun sassauta wani tsohon sharaɗi. A da sai an zura doguwar roba cikin babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji kafin a fara waɗannan magunguna, abin da ke cin lokaci da kuɗi da gwaninta. Yanzu an yarda a fara ta babbar jijiyar hannu, daga gwiwar hannu zuwa sama, na ɗan lokaci, ana duba wurin a kai a kai kada maganin ya tsiyaya ya ƙone nama.

Wani gwajin kuma ya bi ta wata hanya dabam, bai ƙara magani ba, ragewa ya yi. A ɗakunan jinya 65 na Ingila da maƙwabtanta an ɗauki majiyyata 2,600 masu shekara 65 zuwa sama. Rabi aka bar likitoci su yi yadda suka saba, ɗaya rabin kuwa aka ce a bar matsakaicin jininsu ya zauna tsakanin 60 da 65, a kuma janye magani da zarar ya wuce haka. Sakamakon ya fito a 2020. Rabi na biyun sun sha magani kaɗan, na ɗan gajeren lokaci, ƙodarsu da hankalinsu ba su fi na sauran lalacewa ba, kuma bayan kwana 90 kashi 41 daga cikinsu suka mutu, a ɓangaren jinyar da aka saba kuwa kusan kashi 44.